Ƙarfe Ba Ya Karɓar Alfarma

Masu iya magana sun ce, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Mun sha jefa wa ɗalibai wannan karin magana idan jarrabawa ta matso, amma mu kanmu ba mu san nauyinta ba sai wata ranar Juma'a cikin daminar 2024, a bakin kasuwar Wudil, mu bakwai a cikin mota, sa'ad da muka taka birki muka ji ƙafarmu tana nutsewa kamar wanda ya taka taɓo.

Bari dai mu faro daga tushe, domin mai karatu ya san motar da ake magana a kanta. Toyota Sienna ce ƙirar 2001, samfurin farko, wanda aka fara haɗawa a jihar Kentaki ta ƙasar Amurka a 1997. Ta ci ƙuruciyarta a can, ta hau jirgin ruwa zuwa Kwatano, ta ratsa hannun mutum biyu a nan Kano, sa'an nan ta faɗo hannunmu a 2016, da bashin ƙungiyar taimakon kai da kai ta malamai, wanda muka shekara biyu muna biya. Kujerunta bakwai ne, amma Allah kaɗai ya san adadin waɗanda ta ɗauka. Ita ke kai yara makaranta, ita ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ita ke ɗauko hatsi daga ƙauye da kaka, ita ke rakiyar amarya. A layinmu ma ba a ce mata motar Malam, sai dai motar unguwa.

Gaskiya ɗaya ce, motar nan ba ta ci amanarmu ba. Sau uku tana yi mana gargaɗi muna toshe kunne. Da fari wani gurnani ya soma tasowa daga baya, kamar injin niƙa a can wata unguwa, in an ƙara gudu ya ƙaru, in an sha kwana ya sauya murya. Maganin da muka yi masa shi ne ƙara sautin rediyo. Daga nan hambirki ya daina riƙewa, muka samo wani dutse mai kyau muka ajiye ƙarƙashin kujera, aikin autanmu ya zama dirowa ya sa shi a bayan taya duk inda aka tsaya. Na uku, birkin kansa ya yi nisa, sai an taka sau biyu yake kamawa, har ƙafarmu ta saba, ta riƙa yin haka ba tare da ta shawarce mu ba.

Ba kuma za a ce ba mu taɓa kai ta gareji ba. Sau biyu muna kai ta, kuma kalma ɗaya muke shiga da ita: a lallaɓa. A lallaɓa mana, albashi bai shigo ba. A lallaɓa mana, kuɗin makarantar yara ya taso. Su kuwa masu gyara sai su lallaɓa, su manna wa tsohon ƙarfe sabon lainin, su kai kwanon birkin wurin masu injin a ɗan share cikinsa, mu biya kaɗan mu tafi muna godiya. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo, sai muka sami uzurin da ya fi na da ƙarfi. Abin kunyar shi ne, a daidai wannan lokaci muna zubin adashe a makaranta, mun kuma riga mun yanke abin da za mu yi da ɗaukarmu: fenti. Jikin motar ya koɗe, abokan aiki suna zolayarmu, mu kuwa abin yana ci mana rai fiye da gurnanin nan.

A ranar da muka ambata, za mu Gaya ne gaisuwar rasuwa, da maiɗakinmu da 'yan'uwa, ga buhu biyu a baya. Juma'a ce ranar kasuwar Wudil, cunkoso tun daga nesa, a taka a saki, a taka a saki. Da hanya ta ɗan buɗe muka ba ta wuta, sai ga wata yarinya da farantin dafaffiyar gyaɗa a ka, ta yanko titi da gudu tana bin wata bas. Muka taka, babu. Kafin ƙafa ta ɗago ta sake takawa mun cinye tazarar da ke tsakaninmu. Muka karkatar da sitiyari, motar ta gangara gefen titi ta kafe a caɓi, madubin gefe ya doki farantin, gyaɗa ta watse a kwalta. Yarinyar ta tsaya ƙiƙam, ko kuka ta kasa. Ba za ta wuce sa'ar 'yarmu ta uku ba.

Jama'a suka taru, kowa yana cewa tsautsayi ne, Allah ya kiyaye gaba. Muka biya kuɗin gyaɗa, aka turo mana motar. Da muka koma ciki, maiɗakinmu ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "Malam, ai tun bara motar nan take faɗa maka." Ba mu tanka ba. Mun san tsautsayi, mun kuma san sakaci, mun san wanne ne ya rako mu Wudil.

Washegari da sassafe muka lallaɓa da ita garejin wani tsohon ɗalibinmu, wanda muka daɗe muna kauce wa saboda an ce ba ya aikin araha. Mun koyar da shi lissafi a ƙaramar sakandare, yana zama a bencin baya, ba ya surutu, ba ya kuma ganewa. Yanzu ga shi da yara huɗu a ƙarƙashinsa suna ce masa Oga. Ya durƙusa ya gaishe mu, muka ce masa Injiniya, ya yi dariya. Muka kwashe labarin Wudil duka muka faɗa masa, har da yarinyar.

Bai ce komai ba. Ya sa aka datse tayoyin gaba da katako, ya sassauta notunan baya tun motar tana ƙasa, aka ɗaga ta da jak, aka tokare ta da ƙafafun ƙarfe, domin a cewarsa jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Sa'an nan ya ce, "Malam, ku kama tayar nan sama da ƙasa, ku girgiza." Muka girgiza, muka ji tana ƙwas-ƙwas. Ya juya ta da hannu, sai ga gurnanin nan namu, wannan karo ba rediyon da zai rufe shi. Ya ce, "Boris ne. Ya daɗe da mutuwa, jana'iza ce ba ku yi masa ba."

Ga wanda bai taɓa leƙawa ba, ga yadda abin yake. Birkin gaba na irin wannan mota faifai ne da ake matsewa ta gefe biyu, kamar yadda za ka kama faranti da yatsu. Na baya kuwa kwano ne na zubin ƙarfe, kanikawa suna ce masa dirom, yana kife yana juyawa tare da taya. A cikinsa akwai ƙarafa biyu masu siffar jinjirin wata, su ake kira shu, kowanne da lainin a bayansa. In ka taka birki, man birki ya bi bututu ya tura wata 'yar silinda, ita kuma ta buɗe shu ɗin nan biyu su danni cikin kwanon, gugar ta mayar da gudun mota zafi, mota ta tsaya. In ka ɗaga ƙafa, sifirin ya janyo su su koma. Dabarar tsohuwa ce, tun 1902 Bafaranshen nan Louis Renault ya yi mata rajista, har yau kuwa ana ƙera motoci da ita. Hob shi ne cibiyar da dirom da taya suke zaune a kai, mai ƙusoshi biyar, kuma a cikinsa boris yake. A wannan mota hob da boris a haɗe suke, a rufe tun daga masana'anta, ba a buɗewa a ƙara giris. In ya mutu, sai dai a sauya shi ɗungurungum.

Cire dirom ɗin ma sai da ya zama aiki. Shu ya ci cikinsa har ya bar masa leɓe a baki, leɓen ya riƙe ya hana shi fita. Injiniya ya zura sukudireba ta wata 'yar kafa a baya, ya mayar da wani ƙarfe mai haƙora, wanda shi ke daidaita tazarar shu, har suka saki. Sa'an nan ya ɗaura ƙusoshi biyu masu kaurin milimita 8 a wasu ramuka biyu da ke fuskar dirom ɗin, waɗanda dama don haka aka yi su, yana juya wannan yana juya wancan, kwanon ya taso a hankali ba tare da an yi masa dukan kawo wuƙa ba. Wani yaro ya sunkuya zai hure ƙurar ciki, ya daka masa tsawa. Ya ce ba a hure ta, wanke ta ake yi, domin wani lainin akwai asbestos a cikinsa, shi kuwa in ya shiga huhu ba ya fita.

Abin da muka gani a ciki bai yi kyan gani ba. Lainin ɗin gefen dama ya cinye har ƙarfe ya fara cin ƙarfe, alhali ƙa'ida ita ce kada ya gaza milimita 1. Silindar gefen hagu kuwa tana yoyo, man birki ya jiƙa shu ya yi baƙi yana sheƙi. Ta nan mai ke zurarewa, iska ta sami wurin zama a bututu. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, shi ya sa takun farko ke tafiya a banza.

Daga nan ya goge bayan dirom ɗin da tsumma, ya nuna mana wani rubutu da aka zuba tare da ƙarfen. Ya ce, "Malam, ku ne masu karatu." Muka karanta: iyakar faɗin ciki, milimita 252. Ya ce sabo yana zuwa da 250. Wato duk rayuwar kwanon nan milimita 2 ce. Ya ɗauko wani ma'aunin ƙarfe mai muƙamuƙi biyu, ya auna ta nan, ya juya ya auna ta can, ya miƙo mana. Ɗaya ya haura 253, ɗayan ma ya ƙetare iyaka, ga shi kuma ya daina zama da'ira sosai. Sharar nan da aka yi mana sau biyu, muna godiya, ashe naman ƙarfen ake yankewa.

Sai ga tsohuwar kalmarmu ta taso. Muka lissafa dirom biyu, hob biyu, shu, silinda da mai, muka ga fenti yana ɗaga mana hannu. Muka ce, "Haba Injiniya, milimita ɗaya ce fa. Ba za a yi mata alfarma ba, ta kai mu ƙarshen zango?"

Ya ajiye ma'aunin, ya goge hannu, ya ce, "Malam, kun tuna a aji uku na ci 35 a lissafi, kuka mayar mini da ita 40?" Ba mu tuna ba, domin waɗanda muka yi wa haka ba su ƙirguwa. Ya ce, "Na gode har gobe, don da an maimaita mini aji da Baba ya cire ni. Amma ran da maigidana ya fara miƙo mini irin ma'aunin nan, kasa karanta abin da ke bayan ɗigo na yi. Makin nan biyar sai da na biya su da shekara guda ina wankin noti, ƙannena a wurin aiki suna wuce ni. Takarda tana karɓar alfarma, Malam, ƙarfe ba ya karɓa. In na ƙara muku milimita ɗaya yau, ba ni zan biya ba, watakila ba ku za ku biya ba. Mai tallar gyaɗa ce za ta biya."

Shekara ashirin da wani abu muna tsaye gaban allo, ba mu taɓa jin an ƙure mu kamar ranar ba. Ya ƙara mana da bayani, cewa kwanon da ya yi siriri ba ya iya shanye zafi, nan da nan yake ɗaukar wuta ya buɗe, shu ya miƙa ya kasa cim masa, kuma a ranar da ka fi bukatarsa, ranar lodi da cunkoso, ranar yake yin haka. Muka ce a yi abin da ya kamata.

Tare muka tafi kasuwar Ƙofar Ruwa, tsohon hob a buhu, ma'auni a aljihunsa. A can muka tarar kaya hawa uku ne: akwai sabo mai araha, akwai sabo mai tsada, akwai kuma na hannu da ake kira Beljiyam. Ya ce a wasu sassan mota na hannu ya fi sabo, amma ban da boris, domin abin da ke rufe ba ka san shekarun da suka rage masa ba. Ya gwada ramukan sabon hob da na tsohon, ya tabbatar irin na mota mai na'urar ABS ne, wadda ke hana taya kullewa. Ya auna cikin kowane dirom a gaban mai shago, ya ɗaga shi ya ji nauyinsa. Muka nemi a sayi na gefe ɗaya yanzu, ɗayan sai wata mai zuwa, ya ce birki kamar takalmi ne, ba a sayen wari guda, in gefe ɗaya ya fi kamawa motar za ta fizge ka zuwa can. Kuɗin adashe ya tafi ƙaf, har sai da maiɗakinmu ta cika mana da kuɗin wata akuyarta.

Ƙusoshi huɗu ne ke riƙe da hob a jikin ƙarfen baya. Sun kwance, amma hob ya ce bai san zance ba, tsatsa ta haɗe su sun zama abu guda. Injiniya ya ce wannan tsarabar Amurka ce. A jihohinsu masu sanyi gishiri ake watsa wa tituna don ya narkar da ƙanƙara, gishirin nan kuwa shi ke cin ƙarƙashin mota. Muka yi mamakin yadda sanyin wata ƙasa da ba mu taɓa gani ba ya zo yana sa mu gumi a Kano. Aka jiƙa wurin da kananzir, aka tafi sallar azahar, aka dawo aka bi shi da guduma ta kowane gefe, a hankali, har ya saki. Da muka juya tsohon a hannu sai ka ce tsakuwa a gwangwani. Sabon kuwa shiru, da ɗan tauri, ba ko motsi.

Wurin mayarwa muka ga koyarwa irin wadda ba a koya mana a kwalejin horon malamai ba. Bai yarda a kwance shu na gefe biyu a lokaci ɗaya ba. Ya ce wa yaransa, "Wancan gefen shi ne littafinku. Duk wanda ya manta inda sifirin yake, ya zagaya ya karanta." Ya kankare tsatsar mazaunin hob har ya yi fes kafin ya ɗora sabo. Ya wanke cikin sabon dirom, domin masana'anta tana shafa masa mai don kada ya yi tsatsa a hanya, mai kuwa abokin gabar birki ne. Ya ɗiga giris kaɗan a inda gefen shu ke gogar farantin baya, ya hana ko yatsa mai maiƙo ya taɓa lainin. Ya kifa dirom, ya riƙa juya ƙarfen nan mai haƙora ɗaya bayan ɗaya, har kwanon ya soma taɓa shu da ɗan sautin shuu, sa'an nan ya tsaya.

Saura fitar da iska. Nan aka ba mu aiki, muka zauna a kujerar direba, shi yana ƙasa da sifana, wani yaro yana tsaye yana cika mai, samfurin DOT 3, daga sabuwar roba, domin man birki yana shan danshi in ya daɗe a buɗe. "Malam, ku taka! Ku riƙe! Ku saki!" Muka taka, muka riƙe, muka saki, yadda aka umarce mu, ba gardama. Can sai muka ji birkin ya taso ya tokare mana ƙafa tun daga sama, abin da muka manta ana ji. Aka mayar da tayoyi, ya ɗaure notuna a tsallake, wannan sai na daura da shi, don taya ta zauna daidai. Ya fita da mu wani fili, ya sa muka yi ta ɗan gudu muna tsayawa a hankali don sabon shu ya saba da sabon kwano, ya kuma ce mu dawo bayan kwana biyu a sake duba notunan. A hanyar gida muka kashe rediyo. Babu abin da muke ji sai iska.

Tun daga ranar muke ta juya maganar nan a zuci. A aji muna koya wa yara cewa in ka ninka lamba sau biyu, murabba'inta ya ninku sau huɗu, kuma haka tazarar tsayawar mota take: mai gudun kilomita 80 yana bukatar ninki huɗu na filin da mai gudun 40 ke bukata bayan birki ya kama. Mun san wannan a allo, amma muka bar shi a allo. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tun 1988, jami'anta suna iya tsayar da kai su duba lasisi da taya da fitila, amma babu wanda zai kwance maka taya a bakin titi ya leƙa cikin dirom. Wannan tsakaninka ne da abin da ka sani. Fenti kowa yana gani, shi ya sa muke tara masa kuɗi. Birkin baya ba mai gani, shi ya sa muke ce masa ya yi haƙuri.

Haka kuma takardar sakamako take. Ba mu ce tausayi laifi ba ne, domin tsohon ɗalibin nan namu da kansa ya ce makin nan biyar su suka bar shi a makaranta. Laifinmu shi ne mun ƙara makin muka rufe littafi, ba mu koma mun koya masa abin da ke bayan ɗigo ba. Mun share cikin kwanon ne kawai, muka mayar da shi kan hanya. A ƙarshen zangon da ya biyo baya, yara tara suka tsaya mana tsakanin 35 da 39. Alƙalami ya ɗaga da kansa, kamar yadda ƙafa ta saba taku biyu, muka mayar da shi. Muka nemi izini muka riƙa zama da su bayan an tashi, aka sake yi musu gwaji, shida suka haye da ƙafarsu. Uku ba su haye ba, mahaifin ɗaya ya zo har gida da magariba, kuma ba za mu ɓoye wa mai karatu ba, wannan zama ya fi cire hob wuya.

Motar tana nan da koɗaɗɗen jikinta, abokan aiki ba su fasa zolaya ba, akuyar maiɗakinmu ma sai da muka yi wata huɗu kafin mu biya. Ran da muka fara ajiye ta a gangaren ƙofar gida ta tsaya cak da hambirki, autanmu ya diro da dutsensa a hannu, ya ce, "Baba, wannan fa?" Muka karɓa. Yana kan teburinmu a ofishin malamai, da shi muke danne takardun jarrabawa kada iska ta kwashe.

Allah ya kiyaye mu da abin hawanmu, ya kiyaye 'ya'yan mutane daga sakacinmu, amin.